Ranar da Na Gyara wa Armeniyawa Tukunya

Ko da ciwon mantuwa zai kama ni wata rana (Allah ya tsare mu, na ga yadda yake yi wa mutum), na tabbata akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga kaina ba. Wata Juma'a ce ta lokacin sanyi, a wata istiraha da ke bayan unguwar Badi'a, irin gidajen nan masu fili da ake kamawa na kwana guda don taro. A ranar na tsaya gaban Armeniyawa da gwangwanin yaji a jakata, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, ina aiki a wani asibiti a nan Riyad. Muna zaune a unguwar Suwaidi da maigidana, Abban Khalifa, wanda yake aikin lantarki a wani kamfanin gine-gine. Kuma ni mace ce mai ji da hannunta a girki. Ba yabon kai ba ne (to, yabon kai ne, amma ku tambayi duk wanda ya taɓa cin miyar kukata). Tun da na sauka ƙasar nan ban taɓa fita ba yaji a jakata ba. Iƙama, wato katin zaman ƙasa, na taɓa mantawa a gida, yaji kuwa ban taɓa ba. Hajiyarmu ce take daka shi da kanta, da barkono da citta da kimba da masoro da 'yar daddawa, ta ba masu zuwa Umara su kawo mini. Kabsarsu, shawarmarsu, duk sai na barbaɗa kafin su wuce maƙogwarona.

A ɗakin magani na asibitinmu akwai wata dattijuwa, Madam Anahid. Gajera ce, gashinta ya yi fari fat, gilashinta kullum a rataye a wuya tana nemansa a kan tebur. Ranar da muka fara hira ta ce daga Istanbul take, na ce ashe Baturkiya ce. Ta ɗora gilashin a hanci ta dube ni sosai, ta ce fasfo ne na Turkiyya, ita Ba'armeniya ce. Ta bayyana mini cewa su 'yan tsiraru ne a can, Kiristoci, suna da yarensu da irin rubutunsu. Daga ranar muka shaƙu. Ni ina ce mata Madam, ita tana ce mini "hokis", wai raina ke nan da yarensu.

Madam Anahid tana da zance ɗaya a duniya, shi ne makarantar sakandaren da ta yi. Ki ce mata ana zafi, za ta ce a makarantarsu iskar teku ke shigowa ta taga. Ki ce mata takalminki ya matse ki, za ta tuno wani malamin lissafi mai ɗingishi. Duk lokacin hutun cin abinci sai ta ɗauko tarihin makarantar nan daga tushe. Ni kuma lokacin ne kaɗai nake samu in leƙa waya, ga rukunin 'yan gidanmu ana ta dambarwa a kan ankon biki. Sai in riƙa gyaɗa kai ina cewa "Allah sarki", ido na kan waya.

Duk da haka wasu abubuwan sun maƙale mini. Tsohon gini ne na dutse a wani lungu kusa da teku, ana jiyo kukan jiragen ruwa daga aji. Kakannin kakanninsu ne suka haɗa hannu suka gina ta, maƙera da 'yan kasuwa da maɗinka, don 'ya'yansu su yi karatu da yarensu kada ya ɓace. Da babban bala'i ya auka wa al'ummarsu a zamanin kakanninta, aka kwashe wasu malaman ba su dawo ba, azuzuwa suka koma wurin kwanan marayu. Daga baya aka ci gaba da karatu. Yanzu ɗalibai sai raguwa suke, don iyalai sun watsu cikin duniya, amma tsofaffin ɗalibai sun ƙi yarda ta mutu. Kowace shekara akwai ranar da suke taruwa a tsakar makarantar su ci wani abinci da suke kira harisa. Kuma a nan ne ta haɗu da mijinta, Baba Hagop. Iya abin da na riƙe ke nan, kuma a lokacin gani nake ya ishe ni.

Baba Hagop maƙerin zinariya ne, ya shekara da shekaru a wani ɗan ɗakin aiki a bayan kasuwar Dira. Na san shi da lafiyarsa. Mutum ne mai surutu da tsokana, ya taɓa gyara mini ɗan kunne yana zolayata da Larabcin kasuwa wai kunnena ne ya karkace, ɗan kunnen lafiyarsa lau. Sai ciwon mantuwa ya shigo masa a hankali. Larabcin ne ya fara tafiya, sai sunayen mutane, sai hanyar gida. Daga ƙarshe ya koma zama gefen taga, ba um ba um-um. Madam ta miƙa takardar barin aiki, suka fara shirin komawa Istanbul gaba ɗaya.

Wata rana muna zaune ta ture abincinta gefe ta ce, "Kin san abin da ya fi yi mini ciwo, hokis? In na ba shi ruwa sai ya ce mini ya gode, da ladabi, kamar yadda majinyata ke ce miki. Bai san ni ba."

Ranar kam na kife wayar. Ta ce kafin su tafi tana so ta dafa harisa irin ta makarantarsu sak, ta tara 'yan tsofaffin ɗaliban da ke Riyad da sauran 'yan'uwa. Wata ƙawarta ta aji ɗaya ta aiko mata da alkama tun daga Istanbul, irin wadda makarantar ke amfani da ita. Ta ce ta san ba warkewa zai yi ba, ita ma ma'aikaciyar asibiti ce. So take ko ɗanɗanon zai taɓo masa wani abu, ya kira sunanta sau ɗaya yana sane da wadda yake kira. Matsalar kawai, harisa tuƙi take so na mai ƙarfi, ita kuma kafaɗarta ta gaji.

"Madam," na ce ina dukan ƙirji, "tuƙi? Ai kin zo gidansa. Ni da na tuƙa tuwon biki tun ban kai tsawon muciya ba."

Ranar Juma'ar na isa istirahar da hantsi, Abban Khalifa ya sauke ni ya wuce, ya ce sai an sauko masallaci zai dawo. A ɗakin girki na tarar da tukunya ƙatuwa a kan gas, tun jiya take kan wuta, 'yar Madam mai suna Talin ce ke kula da ita. Talin a Riyad aka haife ta, Larabci a bakinta kamar 'yar ƙasa, makarantar iyayenta kuwa a hoto kawai ta san ta. Na leƙa tukunyar. Alkama ce da naman rago, sun dahu sun narke sun zama abu ɗaya, kamar faten da ya yi kauri. Na ce a raina, ai wannan harees ɗin Larabawa ne da muke gani da azumi, me zai ba ni tsoro?

Madam ta miƙo mini wata muciya mai faɗin kai, ta nuna mini yadda ake dukan abin a jikin tukunya har naman ya saki zare-zare. Ta ce za ta koma gida ta yi wa Baba Hagop wanka ta shirya shi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Tuƙi kawai, hokis. Kada ki bari ta kama. Komai yana ciki."

Na ɗaure gyale a ƙugu na kama aiki. Wallahi na tuƙa. Gumi har cikin ido. Talin ta tsaya tana kallona tana cewa masha Allah, ni kuma kaina na ƙara girma. Can ta fita shimfiɗa tebura a tsakar gida, aka bar ni ni kaɗai da tukunya. To ku faɗa mini, wace mai girki ce za ta tsaya kan tukunya ba ta ɗanɗana ba? Na lakato a bayan cokali na kai baki.

Lami. Ɗan gishiri can nesa, shi ke nan. Babu barkono, babu magi, ko albasa ban ji ba. Na sake lakatowa daga wani gefen ko ba ta gauraya ba ne. Duk ɗaya.

Ku fahimce ni, ba raini ne ya zo mini ba, tausayi ne. Hawaye har ya taru mini. Na ce baiwar Allah, jinyar miji ta cinye ta, ga haɗa kaya, ga aiki, har ta manta kayan miya tana cewa komai yana ciki. Yanzu mutane za su taru a kai wa kowa wannan abu, su ci suna kallon juna, a tashi ana cewa Anahid ta tsufa. Mu kuwa a gidanmu an yi mana tarbiyya a kan wannan. Goggo Rabi, ƙanwar babanmu, ita ce uwar tukunyar kowane biki a danginmu, kuma tun muna 'yan mata take ja mana kunne: in kin tarar da tukunyar 'yar'uwarki da gyara, ki gyara ki yi shiru. Kada ki tambaye ta, tambayar ita ce tonon asirin. Kada kuma ki faɗa daga baya, faɗar ita ce gori.

Don haka na leƙa ƙofa, na ga Talin na fama da kujeru, na buɗe jaka. Na murmushe magin da ke aljihun gefe (e, shi ma ina yawo da shi, kada wanda ya dube ni). Na zazzaga yaji na tuƙa na ɗanɗana. Harisa ta fara magana. Tukunyar babba ce, na ƙara. Na sake ƙarawa. Kafin in rufe gwangwanin ya wuce rabi, harisa kuma ta yi wani ja-ja mai kyau, ƙamshin daddawa na tashi a hankali. Na lashi cokali na lumshe ido na ce, yauwa, yanzu aka yi abinci. Har addu'a na yi Allah ya karɓi wannan rufin asirin da na yi don shi.

Talin ta shigo ta leƙa ta ce kalar ta sauya. Kafin in yi magana ta ba kanta amsa, wai mamanta ta ce in ta nuna sosai takan yi duhu. Ni dai na yi murmushin mutanen kirki na ci gaba da tuƙi.

Wajen azahar baƙi suka cika tsakar gida. Tsofaffin ɗaliban makarantar ba su da yawa, 'yan dattijai ne da ba su cika tebur ɗaya ba. Sauran Armeniyawan Lebanon ne da na Siriya, sai mu 'yan asibiti. Na yi sallata a ɗaki na gyara ɗaurin ɗankwali na fito. Madam ta iso riƙe da hannun Baba Hagop, an sa masa kwat da wani ɗan bajen makarantar a ƙirji. Ya rame. Yana bin kowa da murmushi irin na wanda ya shigo gidan da bai sani ba. Ta zaunar da shi a gaban tebur, ba ta ko shiga ɗakin girki ba don ba ya yarda ta matsa. Talin ce ta zuzzuba a faranti, ta yi rami a tsakiyar kowanne ta tsiyaya narkakken man shanu, man ya rufe kalar.

Al'adarsu ita ce ba mai taɓa cokali sai an faɗi tarihin makarantar, sannan wanda ya fi kowa tsufa cikin ɗalibai, wato Baba Hagop, ya fara ci. Madam ta miƙe, ta ce za ta yi da Turanci saboda mu baƙi. Na gyara zama, yau ba waya a hannuna, ga ni da farin cikin wadda ta yi aikin lada.

Ta faɗi ginin dutsen, ta faɗi maƙeran da suka gina shi, duk na sani. Sai ta zo kan marayu. Ta ce lokacin da aka cika azuzuwa da yaran da ba su da kowa, abin da ke cikin rumbun makarantar alkama ce da gishiri, sai ɗan naman da wani mahauci ke kawowa in ya samu. Naman ba zai kai kowa ya samu yanka ba. Shi ya sa masu girkin suke tuƙa shi har ya ɓace cikin alkamar, don kada wani yaro ya leƙa kwanon ɗan'uwansa ya ga an fi shi. Ta ce a gidajen Armeniyawa kowa da yadda yake ƙawata harisarsa, amma ta makarantarsu ba a taɓa ƙara mata komai ba, daga gishiri sai man da aka samu daga baya. Mai girkin zamaninsu, wata Digin Araksi, tana cikin marayun nan, kuma ita ta kafa dokar: ranar makaranta za a ci abin da yaran nan suka ci, yadda suka ci shi.

Sai ta juyo ta dube ni da fara'a ta ce, "Hokis ta san labarin nan, na sha ba ta shi. Ita ta tuƙa mana yau."

Aka yi mini tafi.

Jama'a, na shiga uku. Ta sha ba ni shi. Lallai ta sha ba ni, ina can ina raba gardamar leshi da atamfa. Na yunƙura in ce a dakata, sai na koma na zauna. Na duba ƙofar fita, ta yi nisa. Ina kallo Madam ta zauna, ta ɗebo cokali guda, ta hura, ta kai bakin mijinta. Kowa na kallon fuskarsa.

Ya karɓa. Ya riƙe a baki. Sauran suka ɗauki cokulansu su ma. Wata dattijuwa ce ta fara tari, sai na kusa da ita, sai tebur gaba ɗaya. Wani tsoho ya cire gilashi yana share ido, ana miƙa hannu ana neman ruwa da laban, nonon Larabawa. Madam ta ɗanɗani nata. Ba ta yi tari ba. Ta ajiye cokalin a hankali, ta zuba wa farantin ido.

A daidai wannan lokacin Allah ya kawo Abban Khalifa daga masallaci, da farar jallabiyarsa da yunwarsa. Bai ji jawabi ba, bai san me ake ciki ba. Ya yi sallama, ya ja kujera, ya ja faranti, ya yi bismilla ya kai loma. Fuskarsa ta washe. Ina yi masa ido, ina girgiza kai, ina taka ƙasa, bawan Allah ya ɗauka kunyar yabo nake ji. Ya ɗaga murya da Larabcinsa na wurin aiki yadda kowa zai amfana:

"Masha Allah. Wannan ai hannun madam ɗina ne. Ko a duhu na ci yajin nan zan gane shi. Daga Najeriya ake kawo mana, surukata ce ke dakawa da kanta."

Ya ƙara loma.

Duk wanda ke wurin ya juyo. Ban taɓa sanin idanu na da nauyi ba sai ranar. Amma duk ba su dame ni ba kamar na Madam. Ba harara ta yi ba, da ma hararar ce da sauƙi. Kallona kawai ta yi, kallon wadda ta ɗauko abu daga nesa a tafin hannu aka buge mata shi a bakin ƙofa. Alkamar ta ƙare, lokaci ya ƙare, ba wata Juma'ar da za a sake. Na miƙe tsaye ban san dalili ba, jakata a rungume, na ce, "Madam..."

Ƙarar cokali a kan tebur ce ta katse ni. Baba Hagop ne ya buga shi. Fuskarsa ta yi ja, idanunsa na ruwa, ya ture farantin ya fara magana da yarensu. Magana fa, ba kalma ɗaya ko biyu ba. Faɗa yake da murya mai ƙarfi yana nuna faranti, yana nuna sama, yana dukan tebur. Na ce shi ke nan, yau har marar lafiya na tayar wa hankali, zagina yake da yaren da ban ji. Na ga dattijan nan sun daina tari sun saki baki. Na ga wata ta rufe fuska da hannu. Talin ta zo ta damƙe mini wuyan hannu har ya yi zafi, tana fassara mini a kunne.

"Cewa yake wannan ba harisar makaranta ba ce. Wai wane mara kunya ne ya taɓa tukunyar Digin Araksi. Wai da tana nan da ta karya muciya a bayan mutum. Yana faɗin inda ake girka tukunyar, ƙarƙashin matakala, kusa da famfo. Yana kiran sunayen yaran da ke ɗauko itace." Ta ja numfashi. "Sista, rabon da Baba ya haɗa jimla tun bara."

Sai ya juya ya dubi matarsa. Ya ƙura mata ido, ya ɗaga yatsa ya nuna ta, ya ce, "Anahid."

Wannan kam ba na buƙatar fassara. Ya ci gaba da faɗa, yana kaɗa yatsan a gaban hancinta. Talin tana dariya tana kuka tana fassarawa: wai ke ce ko, kin sake. Wai shekararsu ta ƙarshe aka ba ta tuƙi ta bar tukunya ta ƙone don tana leƙen taga tana kallonsa yana buga ƙwallo. Wai shi ya ce shi ne ya janye ta da surutu, aka sa shi kankare tukunyar har hannunsa ya sale, kuma har yau ba ta gode masa ba.

Ni da rawar kaina na matsa gaba, wai zan wanke ta. Na ce, "Baba, ba ita ba ce, ni ce na..." Madam ta miƙo ƙafa ta ƙarƙashin tebur ta take mini yatsu da takalminta mai tsini, ko kallona ba ta yi ba. Ta kama yatsan da yake nuna ta da shi ta riƙe da hannu biyu, hawaye na zuba, ta amsa masa. Talin ta ce cewa ta yi, "Ni ce, Hagop. Ni ce na sake. Faɗa mini yadda ake yi."

Ya kuwa faɗa mata. Ya daɗe yana faɗa mata, dattijan nan na tsoma baki suna gardama da shi a kan wane malami ne ya fi duka, yana ƙaryata su ɗaya bayan ɗaya. Ni ina tsaye da ƙafa mai zogi, hancina na yoyo, ban san ko in zauna ko in gudu ba. Abban Khalifa ya matso ya raɗa mini, "Wai me ya faru ne? Ko yajin ya yi musu yawa?" Na ce masa in ya sake magana sai dai ya koma Suwaidi da wata matar.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba warkewa ya yi ba. Kafin la'asar ya gaji, maganar ta riƙa tsinkewa, ya koma murmushinsa na baƙo. Abincin rana kuwa kabsa aka aika aka sayo, don ba mai iya cin harisata sai mutum ɗaya. Shi aka juye wa sauran a manyan robobi, muka yi kwanaki yana ɗumamawa yana cewa shi har yanzu bai ga laifinta ba.

Ranar Lahadi na koma aiki ina zagaye ɗakin magani kamar mai tsoron kare. Duk abin da za a karɓo sai in tura wata. Ana gab da tashi Madam ta biyo ni har ɗakin majinyata, gilashi a hanci, ta tsare ni a bakin ƙofa.

"Alkamar nan daga Istanbul ta zo," ta ce.

"Na sani, Madam. Ki yafe mini. Wallahi rufa miki asiri na yi niyya."

"Sau nawa na ba ki labarin marayun nan?"

Na sunkuyar da kai.

"Na yi fushi da ke, hokis, kuma ban gama ba. Abincin yaran nan kika taɓa." Sannan ta miƙo hannu. "Ina gwangwanin?"

Na ɗauka jefar da shi za ta yi, kuma da ta yi ban ga laifinta ba. Na ciro na ba ta. Ta buɗe ta shinshina, ta yi atishawa, ta rufe ta jefa a aljihun farar rigarta. Ta ce, "Shekara guda ina dafa masa duk abin da yake so, yana ce mini ya gode. Ashe abin da ba ya so ya kamata in ba shi."

Sun koma Istanbul ba da jimawa ba. Da ranar makarantar ta zagayo ta turo mini hoto: tsakar gida ta dutse, tukunya ƙarƙashin matakala, 'yan ɗalibai sanye da kayan makaranta suna rabon faranti, Baba Hagop a kujera da bajensa a ƙirji. Ta ce ya cinye harisar gaskiya tas, ya ce wa yarinyar da ta kawo masa ya gode, bai ƙara komai ba. Amma a gida, ranar da kewarsa ta ishe ta, takan dafa 'yar kaɗan ta barbaɗa yajin Hajiya. Ba kullum yake aiki ba. Wani lokacin sai ya ture farantin kawai. Wani lokacin kuma ya ɗaga yatsa ya kira sunanta, ta zauna ta sha faɗa tana jin daɗi.

Ni dai na ɗauki darasina. In mutum na ba ni tarihin gidansu yanzu, waya a jaka take zama. In aka ce mini tuƙi kawai, to tuƙi kawai, ko da ruwan zafi ne a tukunyar. In za mu gidan mutane kuma, tun a mota nake gaya wa Abban Khalifa cewa ko me ya ci, bai san hannun kowa ba. Hajiyarmu kuwa har yau ba ta gane dalilin da ya sa nake cewa ta riƙa daka gwangwani biyu ba. Na ce mata ɗayan na wata ce a Istanbul, mijinta ba ya son yaji ko kaɗan.